Nura Bai Kira Ba

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya yara, ya zaman Amurka? Mu nan Ƙofar Kaura lafiya lau, alhamdu lillahi.

Allah ya yi wa Malam Habu mai gyaran rediyo rasuwa, mahaifin abokinka Nura. Abin da muka kalla tare na ƙarshe a shagonsa shi ne guguwar tekun nan a talabijin tana dosar garin da Nura yake a can Amurka, tana yaye rufin gidaje. Yanzu ni kaɗai nake zama gaban talabijin bayan la'asar, babu mai yi mini gardama.

Ka ce Nura lafiyarsa ƙalau, wuta ce kawai babu a wajensu. Sani, a hannuna ka girma, na san muryarka idan kana ɓoye abu. Mu da muka saba da rashin wuta, yaushe ya taɓa hana ɗa kiran gida an binne ubansa?

Ka gaida maiɗakinka, ku sa Malam cikin addu'a. Sannan ka faɗa mini gaskiya. Mahaifiyar Nura tana takaba, kuma kullum sai ta aiko a tambaye ni abin da na gani.

Yayanka,
Lawal