Kwamfutar Yaya Sani ta tashi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya Abban su Ummi da yaran duka? Mu nan Ƙaura lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Kwamfutar marigayi Yaya Sani, wadda yake haɗa bidiyon biki da ita, na ɗauko ta daga shago. Kin san Linux ya sa mata, babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Da na kunna, hoton duk ya baje, manhajar bidiyon kuma ta ƙi buɗewa. Ashe direban katin hoto ne ya lalace, wato manhajar da ke sa katin aiki. Na sauke wani daga intanet, allo ya yi baƙi ƙirin, har na ce na kashe ta. Na goge shi, na saka wanda ya dace da katin, na sake kunnawa.

Yaya, tana tashi, aikinsa na ƙarshe ya buɗe da kansa. Ba biki ba ne. Tsakar gidanmu ne na Gurbin Bore, kafin mu taso. Ga ki kina sussukar gero, shi kuma yana bayan kyamara yana dariya: "Hadiza, juyo mana!"

Nan na tsayar. Tun ranar muryar ba ta bar kunnena ba, ko a kasuwa. Ban faɗa wa Inna ba.

Ki gaida kowa, ki sa Yaya Sani a addu'a. In kin zo hutu mu ƙarasa kallo tare, don ni kaɗai ba zan iya ba. Har yanzu ba ki juyo ba.

Ƙaninki,
Bashiru