Gurbin Baba na Ranar Juma'a

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ofishinmu ɗaya, bene ɗaya ne tsakaninmu, amma na zaɓi in rubuto, don in na sauko za ka cika ni da baki.

Shugaba ya ba ni tantance mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira da sashenku ya haɗa wa asibiti, wanda zai riƙa shirya wa masu wankin ƙoda lokutansu. Ka san mataimakin ba ya ganin abin da ke cikin manhajar, bayanin da ka rubuta a kan kowane kayan aiki kawai yake karantawa ya yanke shawara. To, a kan kayan sokewa ka rubuta: "Yana soke lokacin majinyaci." Shi ke nan. Kalma huɗu, kamar ana cajinka kuɗin tawada.

Na gwada shi sau ɗari da majinyatan bogi, kowanne na roƙon a matsar masa da rana. Sau goma sha tara ya fara soke tsohon gurbin kafin ya nemi sabo, ya duba bai samu ba, ya dawo ya tarar an ba wani tsohon. Ban sa hannu ba.

Ka gaida matarka.
Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai saƙonki ya hana ni cin abincin rana.

Haba Yaya! Ranar Litinin za mu miƙa aikin. Wata shida muna kansa. Manhajar lafiyarta ƙalau, ke ma ba ki ce ta lalace ba. Kowa a sashenmu ya san da zarar an soke gurbi, nan take yake tafiya ga na gaba a layi. Tamanin da ɗaya cikin ɗari ai cin jarrabawa ne a ko'ina. Ki sa hannu, mu gyara daga baya, na yi alkawari.

Kin san me ake kiranki a nan ƙasa? Jan Biro. Da nakan kare ki. Yau da aka faɗa ban kare ki ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Jan Biron na gaishe ka, kuma sunan bai dame ni ba.

Ka ce kowa a sashenku ya sani. Mataimakin ba ɗan sashenku ba ne. Bai zauna taronku ba, bai sha shayi da ku a bakin taga ba. Baƙo ne da ka miƙa wa makulli ba ka gaya masa ƙofar in ta rufe ba ta buɗuwa ba.

Jiya na je gida. Na karanta wa Mama kalmominka huɗu, na ce in ita ce aka ce ta matsar da rana, me za ta fara yi? Ta ce sokewa mana, sai a nemi wata. Mama fa, wadda ba ta zubar da ruwan wanki sai ta leƙa ƙasa.

Ga abin da ban so faɗa maka ta takarda ba. Likita ya mayar da Baba wannan asibitin daga wata mai zuwa, Talata da Juma'a. Baba ya hana a gaya maka, wai kada ka rikice kana tsakiyar aiki. Ka san halinsa, ko sunan jikan maƙwabci ake yi sai ya nemi a matsar masa da rana. Ka kuma san yadda ƙafafunsa ke kumbura in ya tsallake wanki ɗaya. Tsoro nake ji, Auta. Amma ko ba Baba, goma sha taran nan yau na bogi ne, gobe iyayen wasu ne. Ba zan sa hannu ba, ko Shugaba ya hau bene da kansa.

Allah ya huci zuciyarka.
Yayarka

*

Yaya,

Barka da warhaka. Na yi fushi da aka ɓoye mini, za mu yi wannan maganar a gida.

Da safe na ƙirƙiri majinyacin gwaji, na ba shi shekarun Baba da ranakunsa. Na rubuta yadda yake rubutu: "Don Allah a mayar mini Juma'a zuwa Asabar, ina da suna." Karo na huɗu mataimakin ya soke Juma'ar, bai sami Asabar ba, sannan ya ba ni haƙuri cikin ladabi.

Na sami Shugaba na ce Litinin ba za ta yiwu ba. Ya yi faɗa sosai, ya ba mu sati biyu. Ga sabon bayanin: "Yana soke lokacin majinyaci. Gurbin zai tafi ga wani nan take, ba a dawo da shi. Kada ka soke sai ka riga ka kama sabon gurbi. In babu, bar tsohon, ka gaya wa majinyaci." Na kuma sa manhajar kanta ta ƙi sokewar da babu madadi.

Ki sa masa jan biron, kada ki raga mini.
Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Na gwada sau ɗari, Juma'ar Baba tana nan sau ɗari.

Saura bayanin kayan aiki goma sha ɗaya. Turo na gaba, Mama na jira in karanta mata.

Yayarka