Kada ki share wurin garayar

Furera,

Na tahi Madawa da motar farko, ban so in tashe ki ba.

Na ji kin ce za ki share fim ɗin iskokin nan daga memuwar, katin nan na cikin wayar salular, don ki sa na gaba. Ni ma ina ɗokin ganin ƙarshen, amma ki dakata tukuna.

Jiya da marece, da anka zo inda matar ta faɗi ana kaɗa mata garaya, kun yi ta dariya, kakarki ta tashi ta shige ɗaki. Na ɗauka ranta ne ya ɓaci, sai na bi ta.

Ashe ba haka ba ne. Ta ce kayan da sunka sa duk shirme ne, amma kiɗin na gaskiya ne. Shi ake yi wa uwarta a Garhanga tun gidansu ba su kama salla ba, kuma rabonta da jin shi tun tana budurwa. Ni da ta haifa ban taɓa jin wannan labari ba.

Ba ta roƙi komi ba, kin san halinta. Ta dai tambaye ni ko abin nan yana komawa baya.

In kin dama hura, ki kai mata salular, ku biyu kaɗai, ki maido mata wurin. In ta fara magana, ki tsaida fim ɗin ki saurara. Ki riƙe mini abin da ta ce.

Babanki