Dardumar Ma Sun Ƙwace

Adda Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya Tinyer, ya maigida da yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi?

Likitar da ta ce otizim gare ni, wato larurar da ke sa hayaniya ta cika min kai, ta ce in riƙa keɓewa idan hakan ta faru. A gidanmu na Jambutu, ina wurin? Sai na koma tsawaita nafila, tunda ba a yi wa mai salla magana. Nan kaɗai nake numfashi.

Ran Juma'a uwar mijina ta kwaso maƙwabta tana alfahari: "Ga waliyiyar gidanmu, ku zauna ta yi muku addu'a." Yanzu kullum suna kewaye da dardumata, goyonsu na tsala ihu, suna jiran in sallame.

Ki gai da kowa, ki sa ni a addu'a. Adda, wallahi tsoron sallamewa nake.

Ƙanwarki,
Maryama