Na Tona Asirin Gwiwar Ɗan Yayata a Kasuwar Makarfi

Assalamu alaikum Malam Edita, kai da masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku, da fatan an shiga kaka lafiya. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a nan ma ba na ainihi ba ne. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Kuma kafin ku zage ni ku bari in kai aya, don zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Yau kwana tara ke nan da abin ya faru.

Ni mai tausa ne a ƙasar Kudan, 'yan kokawa nake yi wa, kuma gado na yi. Kafin mutum ya shiga fage nakan murza masa cinya da sharaɓa da kafaɗa da man shanu har jini ya motsa, jiki ya saki. In ya fito in gasa shi da tsumma da ruwan ɗumi, kada tsamin jiki ya kwana masa. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, abu uku ya hore ni da su: sabon ciwo mai kumburi ba a danna shi, karaya ta mai ɗori ce ba tawa ba, sannan abin da hannuna ya ji a jikin ɗan kokawa bakina bai ji ba. Shekara ashirin ina riƙe da su, sai ga shi na ukun na zubar a tsakiyar kasuwa.

Akwai ɗan yayata, zan kira shi Tanko. Ubansa ya rasu, shi kaɗai ne namiji a ɗakinta, shi ke noma abin da suke ci, kuma shekara uku ba a kai bayansa ƙasa ba. Bara da rani santsi ya kwashe shi a fadama da damin rake a ka, gwiwar hagu ta murɗe, ta kumbura kamar ƙwarya. Muka ce wa mutane zazzaɓi ne, na ajiye shi a gidana. Sai da kumburin ya saɓe na fara taɓa ta, a hankali, ina bin jijiya daga cinya zuwa ƙasa, safe da yamma, wata biyu cur. Ya miƙe, ya koma fage, ya ci gaba da kaye. Amma ni da hannuna ya san wurin, na san ta gaba gwiwar nan za ta ɗauki kowane nauyi, in kuwa aka buge ta ta gefe, gocewa za ta yi. Shi ya sa na koya masa ya riƙa sa ƙafar dama gaba.

Ran Larabar da ta wuce waccan na je Makarfi sayen man shanu wurin matan Fulani, na zauna a rumfar wani mai mazarƙwaila in huta. Ashe hirar Tanko ake yi. Wannan ya ce guru ne a ƙugunsa, wancan ya ce wani boka ne a Malikanchi ya dafa shi. Ina saurare, abin yana cina. Sai wani ya ce ai yana da kawu mai tausa, wani kuma ya kwashe da dariya ya ce tausa aikin tsofaffin mata ne, shafa mai ne kawai. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, amma ran nan shaiɗan ya yi mini huɗuba sosai.

Na ce, "Wane guru? Wane boka? Ba don hannun nan nawa ba, gwiwarsa ta hagu ko gona ba za ta kai shi ba! Ku taɓa ta ta gefe ku gani!"

Wani dattijo da ke gefe yana shan rake ya tofar da ɓawo, ya dube ni ya ce, "Ta hagu ko? Allah ya saka, malam." Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Mai rumfa ne ya gaya mini dattijon makaɗin Jatau na Gubuchi ne, ɗan kokawar da Tanko zai kara da shi a wasan kaka na Ikara, Juma'a uku masu zuwa. Inna lillahi! Me ya kai ni? Yabon wa nake nema? Da na haɗiye dariyar nan, da me zai rage ni?

Na yi ta rarrashin kaina cewa ƙila dattijon ya manta. Ina! Larabar nan wani mai sayar da gyaɗa ya ba ni labari, bai san ko ni wane ne ba, wai Jatau ya bar kamun ƙugun da aka san shi da shi, kullum taɗiyar ƙafar hagu yake gwadawa a kan abokansa. Jatau ba mugu ba ne, kaye yake nema, amma ƙato ne, in ya faɗa wa gwiwar nan da nauyinsa ba kaye kaɗai za a yi ba. Ina yaro na ga wanda aka yi wa haka a gaban mahaifina. Har ya mutu da sanda yake jan ƙafa, ko fartanya bai sake riƙewa ba. In haka ta sami Tanko, wa zai ciyar da yayata? Da wane ido zan dube ta, ita da shekaranjiya ta aiko mini da fura tana sa mini albarka?

Na gwada ce masa ya haƙura da wasan bana, na ce jikinsa yana son hutu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ba kai ka ce gwiwar ta warke ba? Ai daga ni sai kai sai Allah muka san zancen nan, ko Inna ba ta sani ba." Na so in faɗa masa gaskiya, na fasa. Na san halinsa, zuciya gare shi irin tawa. In na gaya masa ba zai fasa ba, don kada a ce ya ji tsoro, kuma ba zai sake bari in taɓa shi ba, ya shiga fage da gwiwa a sandare. In na yi shiru kuma, na tura shi rami ido rufe. In je in roƙi Jatau? Ai ƙara tabbatar masa zan yi.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata jijiya a bayan gwiwar nan, in na danna ta da ƙarfi za ta kumbura ta kwantar da shi mako biyu, wasa ya wuce, ya warke, ba wanda zai sani. Ko kuma ta ƙi warkewa, don ba ni da tabbas. Jiya da hantsi yana kwance a tabarma ina yi masa tausa, babban yatsana ya je daidai wurin ya tsaya. Na leƙa fuskarsa, ashe barci ya kwashe shi, ya sakar mini ƙafar gaba ɗaya kamar yadda yake yi tun yana goye.

Na janye hannuna jiya, amma gobe ma zai zo ya kwanta, kuma ban yarda da kaina ba. Jama'a, don girman Allah ku amsa mini kafin Juma'ar nan ta uku. Me zan yi?