Ishaya, Na Fi Son Lokacin Da Kake Buga Wa Makaranta

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ka a kan ƙafafunka a duk garin da kake. Ni ce mahaifiyarka Saratu, daga unguwar Al Karama a Dubai nake rubutawa. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Yayarka Rifkatu da yaranta suna nan lafiya a Kafanchan, ta ce in na same ka in gaishe ka.

Na san ba ka son a baza maganar gida a gaban mutane, ka yi mini haƙuri. Saƙonnin da nake tura maka tun bayan Kirsimeti suna nan a wayata, ko ɗaya bai shiga ba. Shi ya sa na rubuta a nan intanet inda kowa zai gani, ko wani da ya san ka zai nuna maka.

Gardama ce ta sa na zauna rubutu yau. Ka tuna Bulus, mutumin Pankshin, mai gadi a otal ɗin da nake wanki da guga? Shi ne ya taɓa karɓe waya daga hannuna ya ce maka ka riƙa neman tuwo kana ci. Saboda kai ya fara kallon ƙwallon Amurka, yanzu ya fi ni sanin dokokin. An buɗe kakar bana, shekaranjiya a ɗakin cin abincin ma'aikata ya dage wai wasan ƙwararru ya fi na jami'o'i ta kowace fuska. Ya ce can babu ɗan koyo, mutum zai yi jifa daga nesa ƙwallo ya sauka a hannun ɗan'uwansa kamar an auna da tef. Ya ce na 'yan makaranta hayaniya ce da kuskure, kuma su ma yanzu kuɗi ya shiga tsakaninsu, kowa kasuwarsa yake ci. Na ɗauki kwanona na koma bakin injin guga. Amsar da ban ba shi ba ce nake so in ba ka.

Ni ban san akwai irin wannan wasa a duniya ba sai a kanka. Kana aji huɗu na sakandare ƙafarka ta fi ƙarfin duk takalmin da ke kasuwa, sai da baduku ya yanke gaban na marigayi babanka, yatsunka suna leƙe kake zuwa makaranta. Da masu neman dogayen yara suka zo Jos, don ƙwallon kwando suka ɗauke ka. Da ka isa Amurka wani koci ya dubi faɗin kafaɗarka ya ce ba filinka ba ne wannan, ya mai da kai ƙwallon Amurka. A shekarar ni ma na zo Dubai. Hoton farko da ka aiko mini kana sanye da hular kwano da kafaɗun roba, ka rungume wani abu mai kama da gwanda. Na nuna wa Laraba da muke ɗaki ɗaya, ta tambaye ni ko soja ka shiga.

Da ka samu jami'a, ran Asabar kuke wasa. Ni kuwa sai Lahadi da safe nake kallo a waya, a cikin bas ɗin da ke kai mu coci. Nakan gargaɗi Bulus kada ya kuskura ya gaya mini wanda ya ci. Da farko ban gane komai ba. Ƙarti su durƙusa, su yi karo, a hura usur, su sake durƙusawa. Lambar bayanka kawai nake bi da ido. A hankali na gane aikinka: ka kutsa ta cikin waɗanda suka tare hanya, ka kayar da mai jifa kafin ya jefa. Ranar da ka fara yin haka na miƙe tsaye a cikin bas, wata 'yar Filifin da ke kusa da ni ta riƙe mini jaka.

Amma ba kayar da mutane ne ya ja ni ba. 'Yan badujalar makarantarku ne, da ganguna da ƙahoni suna maci a fili, kamar na yaran cocinmu ranar Ista sai dai sun ninka su yawa. Ɗalibai sun shafa fenti a fuska suna tsalle har kamara tana rawa. Tsofaffin da suka gama makarantar tun kafin a haife ka sukan zo da jikokinsu, su zauna a inda suka saba zama. In an tashi, ko kun ci ko an ci ku, sai ku jeru a gaban ɗalibai ku dafa kafaɗar juna ku rera waƙar makaranta. Ina kallon bakinka, ba ya tafiya daidai da na sauran. Tun a ƙungiyar mawaƙan yara haka kake.

Kuskuren da Bulus yake rainawa, ni shi nake tunawa. Akwai wani siririn yaro a cikinku wanda aikinsa bugu da ƙafa kawai. Wata rana wasa ya zo ƙarshe, nasara tana ƙafarsa, ya buga ya zubar. Ya zauna a ciyawa yana kuka a gaban dubban mutane. Kai ka je ka ɗaga shi da hannu ɗaya kamar buhun masara, ka tafi da shi kana yi masa magana a kunne. Daga baya na tambaye ka me ka ce masa. Ka ce, "Ce masa na yi ya tashi, yunwa nake ji."

Mai sharhi bai taɓa faɗin sunanka daidai ba, Aizaya yake cewa. Amma duk lokacin da ya faɗa sai ya ƙara da cewa daga Najeriya. Wasu ɗalibai ma sun zana tutarmu a kwali suna ɗagawa in ka yi abin kirki.

A wasanku na ƙarshe a gida, al'adarsu ce iyaye su rako 'ya'yansu cikin fili. Na nemi biza ban samu ba. Mamar abokinka Kalib ce ta shiga tsakiyarku, hannu ɗaya a naka ɗaya a na ɗanta. Da aka kira sunanka ta ɗaga hotona sama, wanda na ɗauka da zanen zumuntar mata. Ran nan na wuce tashar da zan sauka ban sani ba, sai da direba ya ce mini an zo ƙarshen hanya.

Kai kuwa duk wannan bai cika maka ido ba. Kullum maganarka ita ce, "Mama, wannan share fage ne. In na shiga ta manya, kin gama guga."

Lokacin da ƙungiyoyin ƙwararru suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, na bi daga farko har ƙarshe. Ana kiran suna, saurayi ya miƙe cikin kwat ya rungume uwarsa. Aka rufe ba a kira naka ba. Daga baya wata ƙungiya ta bugo maka ka zo gwaji, ka kira ni kana haki kamar ka yi gudu. Na dafa shinkafa na raba wa 'yan filat ɗinmu.

A watan Agusta na gan ka a wasan gwaji. A nan dole in ba Bulus gaskiyarsa. Saurin mutanen nan ya ba ni tsoro. Wanda ya kai ka girma yana gudu kamar yaro, kuma ba sa yin kuskure sau biyu. Filin ya fi naku na makaranta kyau, amma rabin kujerun babu kowa, ba ganga ba ƙaho, sai kiɗa daga lasifika. Sun ba ka wata lamba daban, na daɗe ina nemanka. Ka kayar da mutum ɗaya, ka miƙe ka waiga kamar kana jiran wani ya rugo. Mai sharhi yana ta maganar wani ɗan wasa da ke zaune a benci.

Bayan wasan ka ce mini, "Mama, a makaranta in na faɗi hannuwa nake gani ana miƙo mini. A nan in na faɗi, tsayawa suke su ga ko zan tashi." Ka ce ba mugaye ba ne, kowa yana da yara a gida, kuma gurbin da kake nema na wani ne.

A ƙarshen watan wani ma'aikaci ya tare ka a bakin ƙofa da safe, ya ce koci yana nemanka, ka taho da kwamfutar da suka ba ka. Kafin ka fito an zuba maka kayanka a baƙar leda. Da dariya ka ba ni labarin, ni ma na yi dariya don kada in bar ka kai kaɗai. Na san irin wannan kira. A otal ɗinmu ma in aka ce wance ta hau ofis, kafin la'asar an cire sunanta daga jikin kabad. Wata ƙungiya a wani gari mai sanyi ta ɗauke ka don atisaye kawai, kana tsaya wa manyansu suna gwada ƙarfi a kanka. Su ma suka sallame ka kafin kaka ta ƙare.

Daga nan ka fara kira a ɗaki mai duhu, da baƙin tabarau a ido, ka ce haske yana sara maka kai. Ka tambaye ni sunan jaririn Rifkatu, na faɗa maka, kafin mu yi sallama ka sake tambaya. Wata rana ka ce mini yaya tarin Baba. Ishaya, kai ka riƙe hotonsa a gaban akwati ranar da aka binne shi. Daga baya ka ce barci ne bai sake ka ba.

Wannan ne abin da ba zan iya faɗa wa Bulus a gaban mutane ba. Watanni kaɗan ka yi da ƙwararru. Shekaru ka yi kana karo da kai a makaranta, ana buga ganga, ana ɗaga tuta. Ban san wane karon ne ya taɓa ka ba, kuma babu wanda zai gaya mini. Duk da haka in aka ce in zaɓa, na makarantar zan zaɓa, don a can ne kaɗai na ga mutane suna murna da kai ba don abin da za su samu ba. Ko kuwa haka ya yi mini kama daga cikin waya. Yanzu ban tabbata da komai ba.

Da Ista na samu mamar Kalib a waya. Laraba ce ta yi mana tafinta, don Turancin matar yana yi mini sauri. Ta ce ka zo gidanta ka rame, ka ci abinci, ka yi barci a doguwar kujera, ka gyara mata ƙofar shinge da ta karye. Ta dawo daga aiki ta tarar ka tafi. Ta ce ka gaya mata kana lodin kaya a wani sito a wata jiha, kuma ka roƙe ta kada ta faɗa mini. Maganar takardunka na zama ba ta sani ba, ko sun ƙare ko suna dab da ƙarewa. Tana magana tana kuka, ni ce na koma ina ba ta haƙuri.

Auta, me kake jin kunya? Ni ban aike ka ka kawo mini komai ba. Lodin kaya aiki ne. Uwarka zanen gadon da baƙi suka kwana a kai take wankewa, ba ta taɓa ɓoye maka ba.

Ga abin da nake so ka sani. Otal ɗin ya miƙa wanki ga wani kamfani, kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan gobe, kuma sun ce khalas, wato shi ke nan, ba sabuntawa. Da shekaruna da wannan gwiwa babu mai yi mini wata biza. Na riga na kai akwatina unguwar Al Muraqqabat wurin wani Alhajin Kano mai kago, wanda ke aika wa mutane kaya gida, har da rigar makarantarka da ka aiko mini a ciki. Yana ɗaure akwatin ya tambaye ni ɗan namu na Amurka fa. Na ce kana nan.

In na bar ƙasar nan layin wayata zai mutu. Ita ce lambar da ka haddace, in har tana nan a kanka. Zan koma wurin Rifkatu, gidan bai canza ba, yana nan bayan coci kusa da layin dogo. Amma na san ba za ka iya zuwa ba, in ka fito ba za su bar ka ka koma ba, kuma ni ba za su bar ni in shiga ba. Na juya maganar nan ta kowane gefe ban ga inda za mu haɗu ba. Ba na ma yaudarar kaina cewa za ka karanta wannan.

In ka karanta, ka kira kafin ƙarshen watan gobe. Ba sai ka yi bayani ba, ba sai ka ce komai ba. Ka kira ka yi shiru, zan gane numfashinka.

Ubangiji ya sanyaya maka kai, ya ba ka barci mai daɗi. Ya sa inda kake kwana akwai bargo, ya sa wanda kake yi wa aiki mai tausayi ne. In wata rana ka tsaya a titi ka rasa hanyar gida, ya aiko maka da ɗan mutanen kirki ya kama hannunka. In kuma ba a rubuta zan sake ganinka a duniyar nan ba, ya bar maka sunana a cikin abubuwan da ba za ka manta ba. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mamarka,
Saratu
Al Karama, Dubai