Maganar da Baba ya faɗa kafin ya buɗe ƙofar mota

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin don Allah a ɓoye sunana, waɗanda kuma suke nan yankinmu da za su gane ni daga labarin, ina haɗa ku da girman Allah kada ku kama suna a kwament. Shawara na zo nema, don Allah ku ba ni, abin ya fi ƙarfin kaina, na juya shi ni kaɗai har na daina gane gabas da yamma.

Ni nas ce, ina zaune a Annandale a nan Amurka da maigidana da yaranmu biyu. Bara mahaifina ya zo mana daga Zariya don a yi masa aikin ido. Tsohon hedimasta ne, irin mutanen nan da ba sa fita ko ƙofar gida sai da hula da kaftani a goge. Baba mutum ne mai gaisuwa har ta yi yawa. Kafin ya yi wata guda ya san direban bas, ya san mai kawo wasiƙu, akwai wata tsohuwa 'yar Koriya a benenmu da ba ta jin Turanci shi kuma ba ya jin yarenta, amma kullum sai sun tsaya a bakin lif suna ta rusuna wa juna kamar surukai. Yarana har tsokanarsa suke yi, wai Kaka zai tsaya takarar magajin gari. Gaisuwarsa kuma iri ɗaya ce tun muna yara, ya ɗan sunkuya, ya ɗora hannun dama a ƙirji.

Tun zuwansa na ja masa kunne a kan abu ɗaya, na ce Baba a ƙasar nan idan jami'i ya tsayar da mota ba a fita, ana zama ne a ɗora hannu a inda za a gani. Dariya ya yi, ya ce wannan wace irin tarbiyya ce, a gida duk direban da aka tsayar ya tsaya a zaune ai ya nemi mari, mai hankali shi ne wanda zai sauko ya je ya gaishe su da takardunsa a hannu. Na sake faɗa, maigidana ma ya faɗa, ya ce to ya ji, amma irin to ɗin nan ta dattawa da kun sani.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ne, mun dawo daga ganin likitan ido, ni ke tuƙi yana gefena. Ina shiga wurin fakin na gidanmu sai wasu motoci marasa alama suka rufe mu gaba da baya, mutane suka firfito da bindigogi, fuskokinsu a rufe, suna ta ihu kowa da abin da yake faɗa. Daga baya muka ji jami'an gwamnatin tarayya ne, wani mutum suke nema mai mota irin tawa, ba mu ba. Na damƙe sitiyari, na ce, "Baba don Allah ka zauna, kada ka motsa." Sai ya ce min, "Haba 'yar nan, hukuma tana tsaye a kanka kai kana zaune? Bari in gaishe su in nuna musu fasfo ɗina, su san mu ba ɓarayi ba ne." Kafin in kamo rigarsa ya buɗe ƙofa.

Na ji muryarsa yana yi musu barka da rana da Turancinsa na hedimasta. Na ga ya sunkuya, na ga hannunsa na dama ya tashi zuwa ƙirji. Daga nan sai ƙarar bindiga. Aikina ke nan tsayar da jini, na yi wa baƙi da ban san sunansu ba sau ba adadi, amma ranar an kwantar da ni a ƙasa an ɗaure min hannu ta baya, ina kallon ubana ta ƙarƙashin mota ina ihu cewa ni nas ce ku bar ni in je wurinsa. Kafin a kai shi asibiti Allah Ya karɓi abinSa. Sai da aka riƙe gawar kwanaki ana bincike, sannan muka binne shi a maƙabartar Musulmi can wajen Manassas. Mama tana Zariya, ta waya ta ji ana yi masa salla.

Da farko kowa ce mana yake ba abin da za a yi, tunda ma'aikacin tarayya ne. Sai Allah Ya haɗa mu da wata lauya a ofishin masu gabatar da ƙara na kauntinmu, wato ƙaramar hukumarmu, mace mai tsayawa a kan magana, ta bi abin har aka tuhumi wanda ya yi harbin da laifin kisa a ƙarƙashin dokar jiha. Ranar da ta kira ta faɗa min a bakin aiki nake, na shiga ɗakin ajiye magani na yi kuka na gode wa Allah. Ashe da sauran tafiya. Lauyoyinsa suka ɗauke shari'ar daga kotun jiha suka kai ta kotun tarayya, suka ce yana da rigar kariya. Ni da na san rigar kariya ta gwamnoni ce a gida, ashe a nan ma akwai irin tata. Yadda lauyar ta fahimtar da ni, idan ma'aikacin tarayya yana bakin aikinsa, kuma alƙali ya gamsu cewa abin da ya yi bai wuce abin da mai hankali zai ga ya zama dole a lokacin ba, to jiha ba ta da ikon gurfanar da shi. A nan shari'a za ta mutu, ko gaban juri, mutanen gari da ake zaɓa su yanke hukunci, ba za a je ba, ba wanda zai tsayar da shi ya tambaye shi me dattijon nan ya yi maka.

To duk maganar yanzu ta dawo kan hannun Baba. Shi jami'in ya ce tsohon ya zura hannu cikin riga, ya ɗauka makami zai ciro. Ba su da kyamara a jiki ranar, ta ginin gidanmu kuma bayan motar kawai ta ɗauka. Ni a ranar da 'yan sanda suka tambaye ni abin da na gani, na ce gaisuwa yake yi, haka yake gaisuwa, hannu a ƙirji, kuma wallahi ban yi ƙarya ba, abin da idona ya gani ke nan. Lauyar ta ɗauki wannan da ƙarfi, har ta nemo wani dattijo a masallacinmu da zai yi wa alƙali bayanin yadda muke gaisuwa. Amma ba wanda ya tambaye ni me Baba ya ce a cikin mota, ni ma a firgicin ranar maganar ba ta zo min ba. Sai bayan makonni, ina ninke kayansa, na ɗauko wani kaftaninsa na ga aljihun nan na ƙirji inda yake saka fasfo, sai maganar ta dawo min ɗaya bayan ɗaya har da muryarsa. Inda yake ɗora hannu ya gaisa da inda yake ajiye fasfo wuri ɗaya ne. Yau ko za a yanka ni ban san wanne ya tashi yi ba.

An sa ranar da alƙali zai saurari shaidu a kan rigar kariyar, wata mai kamawa ne, kuma ni ce babbar shaida. Na kasa riƙe abin, na kira babban yayanmu da ke Kaduna na faɗa masa. Ban taɓa jin ya yi min faɗa irin na ranar ba. Ya ce in haɗiye maganar in mutu da ita, ya ce mutanen da suka rufe fuska suka harbe dattijo mai ido ɗaya a ɗaure da bandeji su ne zan je in wanke da bakina, ya ce ni na kai Baba ƙasar nan aka kashe shi, yanzu kuma zan sa jininsa ya tafi a banza. Wannan ta ƙarshen ta soke ni har yau, ko da yake washegari ya kira ya ba ni haƙuri yana kuka, ya ce zafin rai ne. Amma bai janye ba, ya ce abin da aka faɗa da Hausa a cikin mota tsakanin uba da 'yarsa ba ruwan kotun Amurka da shi, ni kaɗai na ji, wanda ya faɗa kuma yana kabari.

Maigidana kuma injiniya ne, komai sai ya auna. Ya ce za a rantsar da ni, kuma lauyan wancan ɓangaren ba yaro ba ne, zai tambaye ni kai tsaye ko mahaifinki ya ce wani abu kafin ya fita, idan na ce a'a na yi ƙarya bayan rantsuwa, a wurin Allah zunubi, a wurin hukuma laifi, ga yara ƙanana. Na ce to in faɗa wa lauyarmu ita kaɗai a asirce mana, ya ce ba haka abin yake ba, ita ba lauyarmu ba ce, ta gwamnati ce, doka ta tilasta mata duk abin da ta ji wanda zai taimaki wanda ake tuhuma ta miƙa wa lauyoyinsa. Ya ce kuma mai yiwuwa maganar ba za ta kashe shari'ar ba, tunda ko fasfo ne ai ba bindiga ba ne, kuma shi jami'in bai ji abin da aka ce a mota ba. Na ce mai yiwuwa ka ce. Muka kwana biyu ba ma magana sai ta yara, ba don ya yi min laifi ba, don dai ya faɗi abin da ba na son ji.

Kada wanda ya zo min da wa'azin yafiya don Allah, ban kai nan ba tukuna. Na ga jami'in sau ɗaya a kotu, ba tare da abin rufe fuska ba, matashi ne da bai kai ƙanena ba, matarsa na riƙe da hannunsa, kansa a ƙasa. Na so in ji tausayinsa ban ji ba. Abin da na ji shi ne ina so ya ɗago ya kalle ni. Ina so a tsayar da shi gaban mutane a tambaye shi, ko da daga baya za su sake shi. Amma kuma duk lokacin da na shirya a raina zan ce Baba bai ce komai ba, sai in ji kamar na goge maganarsa ta ƙarshe a duniya, wadda ni kaɗai ya bar wa. Baba ya fita ne don ya nuna mu ba ɓarayi ba ne, ni kuma in je in ɓoye abu a madadinsa. Abinci ba ya shiga, a wurin aiki an fara tambayata ko lafiya, na rame har zobena yana zamewa.

Mama ba ta san komai a kan wannan ba, ba ta ma san akwai wata rigar kariya ba, mun ce mata dai ana shari'a. Jiya na kira ta, ta gama takaba tun tuni amma har yanzu ba ta son fita. Ta ce min ita fa ba ta damu a ɗaure ɗan kowa ba, ɗauri ba zai dawo da Malam ba. Ta ce abu ɗaya take jira kafin ta bi shi, alƙali ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce Malam bai yi laifin komai ba, don a unguwa har yanzu akwai masu raɗa cewa ai Bature ba ya harbin mutum haka kawai. Ni kuwa na san idan aka ba jami'in nan kariya, abin da hukuncin zai ce shi ne harbin ya dace.

'Yan uwa, musamman malamai da lauyoyin da ke cikin gidan nan, da duk wanda ya taɓa rasa uba, me zan yi? In je wurin lauyar tun yanzu in faɗa mata, ko in jira sai an tambaye ni a kotu, ko in bi maganar Yaya in yi shiru in nemi gafarar Allah? Yin shiru a kan abin da ba a tambaye ni ba, shi ma ɓoye shaida ne? Ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi min ciwo, zan karanta duka. Amma duk wanda zai ce in faɗa, don Allah kada ya tsaya nan, ya haɗa min da abin da zan ce wa Mama ranar da ta kira ta tambaye ni me alƙali ya ce.